Waƙar Inna a Hannun Mai Piyano

Kai mai karatu, ko ke, ga gargaɗina tun kafin a juya shafi: idan akwai yaro mai kunne a gidanki, ki san abin da kike rerawa, ko da kina zaton ke kaɗai ce a tsakar gida. Ni Hajiya Rabi ce, ta unguwar Dar es Salam a nan Yamai, asalinmu Damagaram. Waɗannan wasiƙu ne tsakanina da ɗana Sulaiman, wanda ke karatun aikin sauti a Liyon ta ƙasar Faransa, yana kuma kaɗa piyano. Da hannu nake rubuta tawa, ƙanwarsa Anisa ta ɗauki hotonta da waya ta aika masa, don ban yarda da saƙon murya ba. Abin da aka faɗa a iska ana iya musunsa gobe. Na kwafe su a nan yadda suke, nawa da nasa, ban gyara wa kowa harafi ba. Wanda ya zo neman wurin da uwa ta ba ɗanta haƙuri, ya rufe tun yanzu.

Yamai, 6 ga Mayu

Sulaiman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Zafi ya kai inda ya kai, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Gwiwata ta yi sauƙi. Anisa ta shiga wata na shida, ƙafafunta sun ɗan kumbura amma likita ya ce ba komai. Mijinta Sumana yana gaishe ka.

Faifan da ka aiko ya iso, Anisa ta sa mini ranar Juma'a bayan la'asar. Na zaci zan ji ƙungiya da ganga da mai waƙa, sai na ji kai kaɗai ne da piyano, kamar mutumin da ke magana shi ɗaya a ɗaki. Kiɗa na farko da na biyu na saurara saboda kai ne, ban gane inda suka dosa ba. Na ukun ne ya sa na ɗauki bik in rubuto maka.

Waƙar Inna ce, kuma ka san matsayinta. A gidanmu, ranar suna, idan wanzami ya gama aski jariri yana tsala kuka, kakarsa ta wajen uwa ce ke karɓarsa, ta taka da shi daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida ta dawo tana rera ta. Kakata ta yi mini, Inna ta yi maka, ta yi wa Anisa. Layi huɗu ne kacal:

Yi shiru ɗan baƙo,
ruwa na tulu, hatsi na rumbu,
hanyar da ka biyo ta rufe,
zauna da mu, zauna.

Minti na farko kana bin ta, har idona ya kawo ruwa. Daga nan ka sake ta. Hannu ɗaya yana can ƙasa yana gunguni, ɗayan ya tafi yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya ranar kasuwa: ya hau, ya sauka, ya maimaita wuri guda sau bakwai, sannan ka yi shiru har na ce wa Anisa ta duba ko caji ne ya ƙare. Minti goma sha ɗaya ka yi a kan waƙar da ba ta wuce tafiyar ɗaki zuwa zaure ba. A jikin faifan kuma ka rubuta wa kiɗan suna "Rabi", haka tsirara, ba Hajiya ba Mama. Babanka, Allah ya jiƙansa, shekara talatin bai kira sunan nan a gaban baƙo ba.

Shekara ashirin da shida na yi ina daktilo, mai buga takardu, a ma'aikatar gwamnati. Ni ma da yatsu goma na ci abinci a kan maɓallai, kamar kai. Ba a taɓa ba ni takarda na ƙara mata ko waƙafi don ya yi mini daɗi ba. Abin da aka ba ka amana, yadda aka ba ka kake mayar da shi. Ka gaya mini wanda ya ba ka izini.

Mahaifiyarka

Liyon, 12 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na ji daɗin labarin gwiwarki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sauki Anisa lafiya. Ni ma lafiya lau nake, sai jarrabawa da ta matso.

Ki gafarce ni a kan sunan. A nan idan mutum ya sa wa kiɗa sunan wani, girmama shi ya yi, na manta yadda zai faɗo a kunnen gida. Idan za a sake buga faifan zan gyara.

Game da kiɗan, Mama, irin wannan ana ce masa jaz, kuma haka ake yinsa. Mutum zai ɗauki waƙar da ya sani, ya kaɗa ta sau ɗaya a fili don mai sauraro ya riƙe ta, sannan ya yi ta zagaya ta yana faɗin abin da ya zo masa a lokacin. Ba a rubuce yake ba. Ranar da muka ɗauka, ni da mai na'ura ne kawai a wani ƙaramin zaure da rana, kuma ban shiga da niyyar taɓa waƙar Kaka ba. Ina gama na biyu sai hannuna na hagu ya faɗa kanta da kansa, na bi shi. Sau ɗaya aka ɗauka, ba a yanke ba, ba a gyara ba. Ko ni aka ce in sake shi yau yadda yake, ba zan iya ba.

Amma ban sake ta ba. Ki saurari hannun hagu, wanda kika ce yana gunguni: tana nan a cikinsa tun daga farko har ƙarshe. Kuma kin taɓa gaya mini Kaka takan sa sunan yaron a cikin waƙar, wato ita ma tana taɓa ta.

Ɗanki mai biyayya,
Sulaiman

Yamai, 27 ga Mayu

Sulaiman,

Muna lafiya. An yi yayyafi shekaranjiya, bai kashe ƙura ba ma. Anisa tana zuwa awo, komai daidai.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Ka ce ko kai ba za ka iya sake abin da ka kaɗa ba, kuma ka rubuta shi kamar abin alfahari. Mutumin da ba zai iya maimaita abin da ya faɗa jiya ba, a Damagaram suna ɗaya gare shi, ba sai na rubuta maka ba. Ka ce hannunka ya faɗa kanta da kansa. Haka duk wanda aka kama da kayan mutane yake faɗa wa 'yan sanda a komisariya. Sa sunan yaro da Inna take yi kuma kamar rubuta adireshi ne a bayan ambulan, wasiƙar da ke ciki ba ta canja ba. Kada ka ƙara jingina aikinka da matar da ke kabari.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ka ce in saurari hannun hagu, na saurara. Na ɗauko kaye, littafin rubutu, na sa Anisa ta nuna mini yadda ake mayar da kiɗan baya, na riƙa rubuta minti da daƙiƙa, ina neman inda ta Inna ta tsaya da inda taka ta fara. Kwana goma sha biyu ina yi, na ji shi ya fi sau arba'in. Ranar Talata ina tsince shinkafa na ce bari in gwada waƙar, tunda nan da wata uku ni ce zan karɓi jariri daga hannun wanzami. Layi biyun farko suka fito. Da na zo "hanyar da ka biyo ta rufe" sai muryata ta gangara inda piyanonka ke gangarawa, ta tsaya inda yake tsayawa. Na sake, haka. Na tashi na yi alwala na dawo, haka. Na san ba haka Inna take yi ba, amma na nemi nata a kaina na rasa. Ka zuba mini tawada a kan takardar asali.

Anisa ba ta iya ta ba, abin da ta sani daga wayarta ta sani. Jikana na farko ne wannan, kuma dangin Sumana za su cika gidan. Ba zan tsaya a gabansu in rera wa jariri abin da aka ƙaga a zauren Turawa ba.

Saboda haka ka zauna ka kaɗa ta miƙe, da yatsa ɗaya idan ta kama, ba ado, ba yawo, ba shiru, yadda ka ji ta a bakin Kakarka. Ka aiko mini cikin mako guda. Kai ka ɓata, kai za ka gyara.

Mahaifiyarka

Yamai, 24 ga Yuni

Sulaiman,

Muna lafiya, idan kana son sani. Ruwa ya sauka sosai, titin gidanmu ya zama tafki.

Mako huɗu ke nan. Sallah ta zo ta wuce, ka aiko da gaisuwar layi biyu ta wayar Anisa kamar maƙwabcin da ya tashi daga unguwa. Na ce ko jarrabawa ce. Sai jiya Sumana ya zo da murnarsa ya nuna mini kai a waya, cikin baƙar riga, mutane sun cika zaure suna tafi. Shi bai san komai ba, yana cewa surukinsa ya zama babban mutum. Waƙar Inna ce kake kaɗawa, kuma wannan karon ma wata hanyar ka bi da ita, har minti goma sha huɗu.

Ashe kana da lokaci da yatsu ga baƙi. Layi huɗu da yatsa ɗaya ne suka fi ƙarfinka, saboda uwarka ce ta roƙa. Ban taɓa roƙon ɗa ba sai wannan karon, kuma na ga sakamakon.

Mahaifiyarka

Liyon, 2 ga Yuli

Mama,

Ina gaishe ki, ina neman afuwa a kan shirun da na yi. Lafiyata ƙalau. Ba raini ba ne, tsoro ne.

Tun ranar da wasiƙarki ta zo nake zama a gaban piyano kullum. Sau tara na ɗauka da yatsa ɗaya, ban aiko ko ɗaya ba, don babu wanda zan iya rantsewa cewa na Kaka ne. Mama, ban san muryar Kaka a waƙar nan ba. Ranar da ta yi mini ina da kwana bakwai. Ranar sunan Anisa ina da shekara huɗu, ragon kawai nake tunawa.

A bakinki na koye ta, a tsohon gidanmu na unguwar Maourey, shekarar ƙanena Faruk. Na san ba ki son a ambace shi. Ina da shekara tara lokacin. Ya kwana biyar a duniya, huɗuba kawai aka yi masa da sunan, bai kai ranar aski ba, Kaka tana hanya daga Damagaram aka binne shi, ba wanda ya rera masa. Bayan mutane sun watse, kullum da hantsi idan Baba ya tafi aiki, kina wanki a bakin famfo kina rera ta a hankali. Ni ina zaure da kayena, hutun lakwal ne, an rufe makaranta. Duk sanda kika zo "ta rufe" muryarki takan gangara, sai ki tsaya, ki daɗe, hannunki cikin ruwan sabulu, sannan ki ce "zauna da mu". Wata biyu kina haka.

Shirun da kika zaci caji ne ya ƙare, naki ne. Ban ƙaga shi ba. Duk sanda na kaɗa waƙar komai yana canjawa, hawa da sauka da tsawonta, ban da wannan wurin. Shi ya sa na sa mata sunanki. Ba ni da ta Kaka da zan aiko miki, wannan kaɗai gare ni.

Ɗanki,
Sulaiman

Yamai, 4 ga Yuli

Sulaiman,

Muna lafiya. Anisa ta ga fuskata ta tambaya, na ce ta ɗauki hoton takardar nan ba tare da ta karanta ba, kuma na tsaya a kanta.

Da na zaci waƙar Inna kawai ka ɗauka. Ashe abin ya fi haka.

Shekara goma sha tara ban furta sunan yaron nan ba. Ranar ta'aziyya ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, matan unguwa suna fita suna cewa Rabi akwai tawakkali. Babanka ya koma ga Allah bai taɓa ganin na karaya a kan wannan ba, don na san idan na karaya shi ma zai karaya. Wuri ɗaya na ware wa kaina, bakin famfo, lokacin da na tabbata ba kowa. Abin da na ɓoye wa mijina, kai ka ɗauka ka kai zaure, mutanen da ba su san inda Yamai take ba suna zaune da kofi a hannu suna jin daɗin inda numfashina ya yanke, idan ka gama su tafa maka. Ka kuma rubuta sunana a kai don kada a yi kuskuren mai shi.

Kana tsammani zan karanta wasiƙarka in ce Allah sarki, yaron nan yana ƙaunata. Abin da yaro ya ji daga zaure ba ba shi aka yi ba. Ɗan kirki idan ya ga uwarsa ba ɗankwali, kawar da kai yake yi, ba ya kiran mai hoto. Da ka zo ka durƙusa ka ce Mama na ji ki a shekarar nan, da wataƙila mun yi magana irin ta uwa da ɗa. Ba ka tambaye ni ba, ka tambayi hannunka na hagu.

Kuma ka duba abin da ka jawo. Waƙar maraba ce, ana yin ta ga mai rai. Yanzu wadda ke bakina ta wanda bai zauna ba ce, ita kake so in rera a kan jaririn Anisa?

Ka daina kaɗa ta, a zaure ko a ɗaki. Na aika Damagaram a taho da Iya Fatuma, ƙanwar Inna, ita kaɗai ta rage da ta san ta. Tsohuwa mai shekara tamanin da ciwon baya za ta wuni ta kwana a cikin kar, babbar motar fasinja, a kan hanyar damina, saboda yatsunka.

Mahaifiyarka

Liyon, 6 ga Yuli

Mama,

Ina gaishe ki. Na daina, na cire ta daga duk wasan da zan yi. Faifan kam ya riga ya fita, yana wayoyin mutane, ba ni da ikon dawo da shi, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ban yi tunanin ta wannan fuskar ba, kuma ya kamata in yi. Ki yafe mini. Abu ɗaya kawai zan ce: ban san ƙanena ta wata hanya ba sai wannan. Ba hotonsa, ba mai maganarsa.

In zo suna, ko in dakata?

Sulaiman

Yamai, 19 ga Agusta

Sulaiman,

Bayan gaisuwa. Ka ji daga Sumana cewa Anisa ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Abdulrazak. Uwa da ɗa suna lafiya, tana wankan jego a nan gida. Ban amsa tambayarka ba don ban so ka zo ba, kuma ban so in rubuta hakan da hannuna ba.

Iya Fatuma ta iso kwana goma kafin haihuwar, ƙafafunta kamar turmi, sai da aka ciccibo ta daga mota. Washegari ta zauna a tabarma ta ce in rera. Na rera, ta dube ni ta ce, "Wannan kuma ta gidan wa ce?" Ta rera tata, murya duk ta tsage amma hanya miƙe. Ashe a "ta rufe" hawa ake yi, kuma "zauna da mu" a manne take biyo baya, da sauri, kamar mai kiran baƙo ga abinci kafin ya huce. Ina ji na gane ta, ita ce ta Inna. Kullum bayan karin kumallo muna yi, tana buga sandarta a ƙasa duk inda na karkace, tana cewa ni da na yi lakwal har na buga wa gwamnati takardu, layi huɗu sun gagare ni. Kafin ranar suna ina yin ta sau goma a jere ba kuskure.

Ranar suna gida ya cika, dangin Sumana daga unguwar Gaweye har bakin titi. Wanzami ya gama, yaro ya tsala kuka, aka miƙo mini shi. Na taka daga ƙofar ɗaki, layi na farko, na biyu, lafiya lau. Ina tsakiyar gida na zo na uku, na dubi kansa sabon aski, ɗan mitsitsi, da ɗumi a tafin hannuna. Muryar ta gangara, bakina ya rufe. Na tsaya cik a gaban mata sun fi sittin. Ban san iya lokacin ba. Sai na ji wata yarinya daga dangin mijin tana ce wa ta kusa da ita ai wannan kiɗan Sulaiman ne, tana da shi, har ta fara lalubar jakarta.

Iya Fatuma ce ta buga sanda daga kan tabarmarta, ta ɗaga murya yadda ban san tana da ita ba: "Zauna da mu, zauna!" Na bi bayanta kamar makauniya, na kai ƙofar gida na dawo. Yaron ya yi shiru, mata suka yi guɗa. Da yamma Iya ta ce an kai ƙofa an dawo, magana ta ƙare. A wurinta ne ta ƙare. Ni na san ba ni na kai jikana ƙofa ba, kuma na san dalili.

Ka nemi gafara. Abin da ke tsakaninka da Allah a kaina na yafe, ba zan bar ɗana da nauyin uwa a wuya ba. Amma yafiya daban, dokar gida daban, kuma na riga na faɗe ta a gaban Anisa da mijinta. Faifanka ba ya ƙara sauti a cikin gidan nan. Wayar da ta kaɗa shi za ta fita ƙofa tare da mai ita, ko wane ne. Iya za ta zauna har arba'in, ni da Anisa muna gabanta kowace safiya. Idan ka samu hutu ka zo kafin ta koma, za ka zauna a tabarma tare da mu, hannayenka biyu a bayanka, ka koya da baki kamar kowa. Ka ce ba mai yi maka maganar ƙanenka. Zan yi maka, sau ɗaya, a ɗakina, ƙofa a rufe, kuma abin da ka ji a nan zai tsaya. Daga yau a gidan nan, abin da mutum ya ji a bakin wani ba ya fita da shi ƙofa sai ya durƙusa ya tambayi mai shi, idan an ce a'a kuma, a'a ce.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rabi